Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gyaran Jikin Amare

Iyayena da yayyena masu sana'ar gyaran jiki,

Na san yadda ake kawo muku amare. Biki saura sati uku, gwaggo ta riƙo hannun yarinya ta zaunar da ita a gabanku ta ce, "Hajiya, ga 'yarki nan, dubi ƙashin wuya duk a waje. A taimaka ta ɗan murje kafin ranar, kada dangin ango su ce ba ma ba ta abinci." Dilka da halawa da turaren tsuguno kun fi kowa sani, ba ni da abin koya muku a nan. Maganar ƙiba ce ta sa na rubuto, domin na ga abin da gaggawa ta yi wa 'yar yayata.

An ba ta wani haɗi a gorar roba marar suna, tana sha da kunun aya safe da dare. Cikin sati biyu kumatu suka ciko, fuska ta yi zagaye tana sheƙi, kowa ya gan ta sai ya ce amarya ta yi kyau. Wata biyu da tarewa sai ga tumbi ya fito, hannu da ƙafa sun sirance, nankarwa ta tsattsage mata cinya, al'adarta ta rikice. A asibiti aka gano an niƙa dexamethasone a cikin haɗin, wato ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. Magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don asma da kumburi. In an daɗe ana shan sa yana tara ruwa a jiki, ya tura kitse fuska da ciki da doron wuya, ya cinye naman gaɓoɓi, ya ta da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da likita ya ce ba a yanke shi farat ɗaya, domin jiki ya daina samar da irinsa na kansa, yankewar na iya kai mutum kwance rai a hannun Allah. Sai da aka yi makonni ana rage mata kaɗan-kaɗan. Idan akwai wadda kuka ɗora a kai yanzu, ku tura ta asibiti da ragowar maganin a hannunta.

Kafin ku ce yarinya ta rame, ku auna ta. Ana raba nauyinta na kilo da tsawonta na mita sau kansa. Idan sakamakon ya gaza 18.5, ramar ta tabbata bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai tsawon mita 1.6, in ta kai kilo 48 ta haye. Da yawa daga waɗanda ake kawo muku lafiyarsu ƙalau, siririn jiki ne gadon gidansu, kuma ku ne kuke da bakin gaya wa gwaggo haka ta ji.

Wadda ta gaza kuwa, ku tambaye ta a keɓe, ba a gaban dangi ba. Haka take tun tasowa, ko kwanan nan kayanta suka fara yi mata yawa? Tari ya wuce sati biyu, da zufar dare? Tarin fuka ke nan ake zargi, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya. Yawan ƙishirwa da fitsari na nuna ciwon sukari. Akwai gyambon ciki, da tsutsar ciki, da sikila, da ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya da rawar hannu. Akwai kuma yarinyar da damuwa ce ta hana ta cin abinci, wataƙila ma auren ne ba ta so. Wannan ba fura ce maganinta ba.

In lafiya lau take, to abin da za ta ci yana kasuwar unguwarku. Jiki na bukatar ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana a kan abin da ya saba, kuma gyaɗa giram 100 kaɗai ta haura 500. Abincin leda da ake farfaɗo da yara masu tamowa da shi, wanda aka yi amfani da shi sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005, gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai, da ƙarin sinadarai. Kada dai ku sayi wanda aka karkatar kasuwa, haƙƙin yara marasa lafiya ne. Ku dama mata kunun gyaɗa mai kauri da madara, ta haɗa da ƙosai ko ƙwai biyu da safe. Da hantsi fura da kindirmo da dabino. Shinkafa da wake a zuba mai da hannu sake, tuwo a ɗiga man shanu, da la'asar awara ko kantu ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Mai ƙaramin ciki ba ta iya cinye malmala uku a zama ɗaya, don haka a raba mata sau biyar ko shida, kuma ta daina cika ciki da ruwa ko lemon kwalba kafin abinci. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, tana lahanta hanta.

Inda na fi son ku saurare ni shi ne nan: kuna hana amarya motsi, kuna cewa ta kwanta ta huta don ta yi jiki. Kwanciya kitse take tarawa a ciki. Cikar cinya da ƙugu da damtse da ake so ta tsoka ce, tsoka kuwa sai an sa ta aiki take girma. A ɗaki ma za ta yi. Ta tsaya ta raba ƙafa, ta tsuguna kamar za ta zauna a kujera, ta miƙe, sau goma, ta huta, ta maimaita har zagaye uku. Ta dafa bango ta tura jikinta gaba da baya. Ta cika galan mai lita huɗu da ruwa, kilo huɗu ke nan, ta rungume shi tana tsugunawa, ta ɗaga shi sama da kai. Kwana uku a sati ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani, in ya yi sauƙi a ƙara nauyi. Motsin nan shi ke buɗe mata ciki ta nemi abinci da kanta, ba sai an ba ta ruwan cyproheptadine da ke sa ta wuni tana gyangyaɗi ba.

Da wannan tsarin, kwata zuwa rabin kilo ake ƙarawa a sati. Kilo huɗu ko biyar na bukatar kamar wata uku, kuma shi ne jikin da zai ɗauke ta har zuwa goyon cikin fari. Don Allah ku faɗa wa iyaye gaskiyar haka, ku ce su kawo muku 'ya'yansu tun ranar da aka sa rana. Wadda aka kawo biki saura sati uku, ku yi mata dilka da lalle, ku ciyar da ita, ku miƙa ta ɗakinta da jikin da Allah Ya ba ta.

Wassalam, taku 'yar'uwa.