Soja Ba Ya Tsige Shugaba

Yanzu duk mai mulkin da ya rasa kujerarsa, sai ka karanta cewa "an tsige shi". Gwamna ne, sarki ne, shugaban ƙasa ne, duk an zuba su a kwando ɗaya. Wannan ragwanci ne, kuma ɓarnarsa ta wuce ta nahawu.

Balarabe Musa shi aka tsige. A watan Yunin 1981 majalisar dokokin tsohuwar Jihar Kaduna, inda 'yan NPN suke da rinjaye, ta zauna ta kaɗa ƙuri'a ta cire gwamnan PRP. Kana iya cewa zalunci ne, ni ma haka na ɗauke shi, amma dai akwai tuhuma, akwai zaman majalisa, akwai sashen tsarin mulkin da aka fake da shi.

Sarki kuwa tuɓe shi ake yi, tunda naɗa shi aka yi. Haka aka yi wa Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996.

To, Mohamed Bazoum fa? Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun da ke tsaron fadarsa suka tsare shi a Yamai. Wace majalisa ce ta zauna? Wa ya kaɗa ƙuri'a? Hamɓarar da shi aka yi, kuma kalmar kanta tana gaya maka ƙarfi aka sa. Ko kana son Janar Tchiani ko ba ka sonsa, ranar da ka rubuta "an tsige Bazoum", ka ara wa bindiga rigar majalisa, kuma yaron da ke karantawa a wayarsa haka zai haddace.