Ƙyanda ba ciwon fata ba ce, kuma bushewar ƙuraje ba warkewa ba ce

Da zarar zafin bazara ya kankama, sai a fara jin cewa baƙon dauro ya sauka a unguwa. Abin da iyaye ke zuba wa ido kuwa shi ne fatar yaro: ƙuraje sun fito? Sun bushe? In sun bushe, sai a yi hamdala a ce ya tashi. A nan kuskuren yake.

Ta hanci da baki ƙwayar cutar ƙyanda ke shiga, kuma takan kai awa 2 a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Daga huhu take kutsawa cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, wato masu gadin da ya kamata su kashe ta, su kuma su yi dakonta zuwa ko'ina. Kafin ƙurji ɗaya ya bayyana, ta yi kusan mako 2 a jiki.

Shi ya sa ba ƙurajen ke kisa ba. Ciwon huhu ne ya fi ɗaukar yara, sai gudawa mai ƙarar da ruwan jiki. Tana sa kunne ya yi ruwa har ji ya ragu. Yaron da ke da ƙarancin sinadarin bitamin A tana iya cinye masa ido, musamman in aka haɗa da ɗige-ɗigen gargajiya. Kusan 1 cikin 1,000 kuma ƙwaƙwalwa ce ke kumbura.

Ɓarnar da ba a gani ta fi tayar da hankali. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2019 ya nuna ƙyanda na goge kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na kariyar da jikin yaro ya tara daga cututtukan da ya taɓa yi. Yaron da ya yi ta laulayi watanni bayan ƙyanda, har aka fara zargin maita ko baki, sau da yawa tsohuwar baƙuwar ce ta bar ƙofa a buɗe.

Bai kamata a kulle yaro a ɗaki ana jiran ƙuraje su gama fitowa ba. A kai shi asibiti a ba shi bitamin A, a ci gaba da shayar da shi, a lura da numfashinsa da idonsa. Ƙannensa kuwa a duba katinsu: allurar farko a wata 9 ce, ta biyu a wata 15, kuma ita ta biyun ce iyaye suka fi mantawa.