Gasar Pokémon na shirin saukowa kan salula: abin da dabarar “tawagar yanayi” ke nufi ga matasan Maraɗi

A watan Agustan 2025, a birnin Anaheim na jahar Kaliforniya a Amurka, wani Ba'amurke mai suna Giovanni Cischke ya lashe gasar duniya ta wasan bidiyon Pokémon a rukunin manya. Kyautar wanda ya zo na ɗaya dalar Amurka dubu 30 ce, wato wajen miliyan 17 na kuɗin sefa. Jigon tawagarsa wani dodo ne da ake kira Koraidon, wanda da zarar ya shigo fili sai rana ta take. A wurin wannan taro ne kuma masu shirya gasar suka tabbatar da cewa daga 2026 za a koma fafatawa a kan sabon wasa mai suna Pokémon Champions, wanda aka ce zai fito a kan na'urar Nintendo Switch da kuma salula mai Android ko iPhone.

Wannan magana ta salula ita ce ta shafe mu. A Maraɗi, ɗakunan wasan bidiyo na unguwanni ƙwallon ƙafa suka fi sani, yawancin masu jin sunan Pokémon kuwa a fim ɗin zane na tashoshin Faransanci suka gan shi. Dalili a fili yake: na'urar Switch da kaset ɗinta sun fi ƙarfin aljihun ɗan lise ko ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Salula kuwa babu fadar matasan da ba a samun ta kusa da butar shayi. Saboda haka ya dace iyaye da malamai su san irin wasan da ke tafe, kafin su yanke masa hukunci.

Yadda ake fafatawa

Wasan ya fara fitowa a Japan a 1996, daga kamfanin Game Freak tare da Nintendo. Yau dodannin sun haura 1000, an kasa su jinsi 18, kamar na ruwa, na wuta, na ciyawa, na ƙasa da na ƙarfe. Kowane jinsi yana da wanda yake rinjaya da wanda ke rinjayar sa: ruwa na kashe wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na shanye ruwa. A gasar hukuma, ɗan wasa yana zuwa da dodanni 6, ya duba na abokin karawa, ya zaɓi 4, sannan a gwabza biyu da biyu. Kowane dodo hari 4 kawai yake da shi, da baiwa ɗaya, da abin riƙo ɗaya. Saurin yatsa ba ya amfani a nan. Ana ba kowa daƙiƙa 45 ya yanke shawara a kowane zagaye, kuma su biyun suna zaɓa a lokaci guda ba tare da ganin zaɓin juna ba. Wanda ya taɓa zama gaban dattawa masu dara a gindin bedi zai gane salon: lissafi ne da karanta zuciyar abokin wasa.

Yanayi huɗu da lissafinsu

A cikin wasan akwai yanayi huɗu da ke canza fili baki ɗaya. Idan ana ruwan sama, harin ruwa yana ƙaruwa da rabi, na wuta ya ragu da rabi. Idan rana ta take, akasin haka ke faruwa. Guguwar rairayi tana zaftare kashi 1 cikin 16 na ran kowane dodo a kowane zagaye, sai dai na dutse da na ƙasa da na ƙarfe, tana kuma ƙara wa na dutse juriya. Dusar ƙanƙara, wadda ta maye gurbin ƙanƙarar da ake da ita a baya tun fitowar Scarlet da Violet a watan Nuwamban 2022, tana ƙara wa dodannin ƙanƙara kariya da rabi.

Lissafin ba shi da wuya. Hari mai ƙarfin 100, idan dodon ruwa ne ya kai harin ruwa, yana zama 150. Idan kuma ana ruwan sama, ya zama 225. Wannan ninki ne ya sa ake gina tawaga sukutum a kan yanayi guda.

Ginin yana farawa da mai kiran yanayi. Pelipper, wanda masu wasa da Faransanci ke kira Bekipan, yana kawo ruwa da shigowarsa. Torkoal, ko Chartor, yana kawo rana. Tyranitar, ko Tyranocif, yana tayar da rairayi, Abomasnow kuma ya saukar da dusar ƙanƙara. Bayansa sai masu cin moriya. Akwai dodannin da saurinsu ke ninkawa biyu a cikin ruwa, kamar Kingdra, ko a cikin rana, kamar Venusaur, ko a cikin rairayi, kamar Excadrill. Akwai Archaludon, wanda babban harinsa na lantarki ke buƙatar zagaye biyu, amma a cikin ruwan sama ya sake shi nan take. Ruwan kuma yana rufa wa dodannin ciyawa asiri, tunda wutar da suke tsoro ta rasa rabin ƙarfinta.

Inda sababbin 'yan wasa ke faɗuwa

Kwanan baya ɗan ƙanwata, ɗan lise, ya nuna mini tawagarsa a Pokémon Showdown, wani dandali na kyauta da ba na kamfanin ba, wanda ke buɗuwa a salula ba tare da cin intanet mai yawa ba. Dodanninsa 6, biyar na ruwa ne. Ya ce, “Kawu, idan ruwa ya sauka babu mai tsayawa gabana.” Ya ci karawa uku a jere. A ta huɗu abokin karawarsa ya fito da Torkoal, rana ta kori ruwan, kafin zagaye na biyar an share shi.

Abin da ya same shi ƙa'ida ce da duk mai son wannan dabara ya kamata ya haddace. Yanayi ɗaya kawai ke zama a fili, kuma na ƙarshe shi ke share na farko. Idan masu kiran yanayi biyu suka shigo tare, mai sauri ne ke fara kira, sai mai nawa ya rufe shi. Saurin Pelipper 65 ne, na Torkoal 20, don haka kunkurun ne ke da maganar ƙarshe. Shi ya sa gogaggu ke rage saurin mai kiran yanayinsu da gangan, ko su ɓoye shi a baya su fito da shi daga baya, ko su ba wani dodo harin kiran ruwa da hannu don ko ta kwana.

Ƙa'ida ta biyu ita ce lokaci. A zamanin Black da White na 2010, yanayin da baiwa ta kira ba ya ƙarewa, har masu wasa suka yi wa wannan zamani laƙabi da yaƙin yanayi. Daga fitowar X da Y a 2013, kamfanin ya taƙaita shi zuwa zagaye 5, ko 8 idan dodon na riƙe da dutse na musamman. Wanda bai ƙirga zagayen ba zai wayi gari ruwa ya ɗauke, dodanninsa sun koma masu nawa a gaban abokin gaba.

Saboda haka tawagar da ke kai labari ba ta sa duka shidan a ƙarƙashin yanayi guda. Yawanci biyu ko uku ne ke dogara da shi, sauran su iya aiki ko da rana ko da ruwa, su kuma tare masu shanye harin ruwa irin su Gastrodon da dodannin ciyawa irin su Rillaboom. Wolfe Glick, wanda ya ci gasar duniya a 2016 a San Francisco, ya zo da Kyogre mai kiran ruwa, amma ya haɗa shi da Rayquaza, dodon da ke iya kawar da tasirin yanayin abokin karawa.

Darasin da manomin gulbi ya riga ya sani

Wannan tunani ba baƙo ba ne a jahar Maraɗi. Manomin hatsi na tudu wata uku zuwa huɗu na damina yake da su, idan ruwa ya yanke a tsakiyar bunni shekara ta tafi. Shi ya sa ake haɗa gero da wake a gona ɗaya, ake kuma ajiye akuya a gida. A Jiratawa, filin noman rani da hukumar ONAHA ke kula da shi tun farkon shekarun 1980 yana janyo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da famfo, har ana girbin zogale da tattasai da rani tsaka. Mutanen Tsibirin Gobir da na Maraɗi kuwa sun san ɗaya fuskar ruwan: ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa aka tashi daga fadama aka hau tudu. Yaron da ya tashi yana jin wannan a gida ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane cewa ba a jingina komai a kan sama guda.

Abin da ke tsaye a ƙofa

Sai dai basira kaɗai ba ta kai mutum Anaheim. Matsala ta farko wuta ce. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin Nijar daga Najeriya yake zuwa, Maraɗi kuma tana kan layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an katse wutar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024. Wanda ya yi waɗannan watanni a Maraɗi ya san farashin cajin salula a wurin mai janareto. Ta biyu intanet ce: a wasan da ke ba da daƙiƙa 45, yankewar layi na minti ɗaya asarar karawa ce. Shigowar Starlink Nijar a hukumance a watan Maris na 2025 ta buɗe wata hanya, amma kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi dacewa da ɗakin wasa ko cibiyar matasa a kan mutum ɗaya. Ta uku, manyan gasannin da ake tara maki a cikinsu a Turai da nahiyar Amurka da Asiya da Ostareliya ake yin su, ga kuɗin jirgi ga neman biza.

Akwai kuma abin da iyaye ke da haƙƙin tsoro. Wasannin salula da ake saukewa kyauta sun saba neman kuɗi kaɗan-kaɗan daga ciki, kuma salular da ke ɗauke da wasan ita ce ke ɗauke da tallan cacar ƙwallo. Bambancin yana da muhimmanci: a karawar Pokémon ba a zuba kuɗi, kuma duk da akwai ɗan sa'a a ciki, wanda ya fi shiri shi ya fi ci a kai a kai. Amma wasan da ya cinye lokacin bitar jarabawar BEPC ko BAC ya zama asara, ko da dara ce.

Abin da ke hannun Maraɗi a yanzu ƙarami ne amma mai yiwuwa. Gidajen matasa da ƙungiyoyin ɗalibai za su iya shirya gasa ta cikin gari da salula, da rana ƙayyadadda, ba tare da zubi ba, kamar yadda ake shirya gasar ƙwallon hutu tsakanin unguwanni. Malamin lissafi zai iya ɗauko ninkin 100 zuwa 225 ya koyar da kaso cikin ɗari da shi. An tsara yin gasar duniya ta 2026 a San Francisco a watan Agusta, kuma da wuya a ga tutar Nijar a can. Ɗan ƙanwata dai ya cire dodannin ruwa biyu daga tawagarsa, ya sa ɗaya na ciyawa da ɗaya na ƙarfe, ya kuma fara ƙirga zagaye a bayan littafinsa. Mahaifiyarsa ta ba shi awa ɗaya bayan sallar isha'i, ranar Juma'a da Asabar kawai.