Rabon Sarki da Rabon Zuciya a Cikin Shari'a



Tun daga watan Oktoba na 1999, sa'ad da aka yi gangamin ƙaddamar da shari'a a Gusau, har wasu jihohi 11 na Arewa suka bi sahu, akwai wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a zaurukan malamai da rumfunan kasuwa, watau ko shari'a alkawari ce tsakanin bawa da Ubangijinsa, ko kuwa doka ce da hukuma za ta aza wa jama'a da ƙarfin ɗan sanda da gidan yari. Duk almajirin da ya sauke Risala ya san tana da wannan, tana kuma da wancan, domin aure da gado da bashi da jini ba su warwaruwa sai da alƙali, alƙali kuwa ba ya zama sai da sarki a bayansa. Abin da ya dagula al'amari, ya sa har masu son shari'ar suka shiga zullumi, shi ne masu neman mulki da rigar shari'a.

Masu neman mulki da rigar shari'a su ne waɗanda ba a jin aya a bakinsu sai zaɓe ya ƙarato, waɗanda suka duba wannan kogi na fiƙihu tun daga babin tsarki har zuwa babin gado, suka tsamo abin da ke tara jama'a a fili a yi kabbara, suka bar abin da zai hau kansu su da 'ya'yansu. Sun ɗauki rabon zuciya, wanda ba nasu ba, sun ce su ne masu gadinsa. Sun ajiye rabon sarki, wanda shi ne nasu, watau adalci da riƙon amana.

Da za su waiwayi limamin mazhabar da suke tutiya da ita, da sun ji kunya. Malaman tarihi sun ruwaito cewa halifan Abbasiyawa ya nemi Imamu Malik ya yarda a kwafi Muwaɗɗa a aika kowane lardi, a tilasta wa musulmi duka su yi aiki da ita kaɗai, amma Malik ya ƙi, bisa hujjar cewa sahabbai sun watsu cikin garuruwa, kowace jama'a kuma ta riƙi abin da ya iso mata na ilimi. Mai littafin da kansa, ga mulkin duniya an miƙo masa a faranti, ya ce kada a mai da fahimtarsa dokar ƙasa. Shi ne kuma aka yi wa bulala a Madina saboda fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta bai auku ba, domin mahukunta sun gane cewa in sakin dole banza ne, to mubaya'ar dole ma banza ce.

Ku dubi kuma abin da ya faru a Bagadaza daga shekara ta 218 bayan Hijira, lokacin da fada ta zaɓi fassara guda a kan mas'alar halittar Alƙur'ani, ta sa aka riƙa titsiye alƙalai da malamai, wanda ya amsa ya tsira da muƙaminsa, wanda ya ƙi a sa masa mari. Imamu Ahmad ɗan Hambali ya sha bulala, ya yi fiye da shekara 2 a tsare, kuma bayan kimanin shekara 15 wani halifa ya zo ya soke abin baki ɗaya. Waɗanda suka dake shi da sunan kare addini suka dake shi. Darasin a fili yake: bulala ba ta zama a hannu ɗaya. Mu da muke da saɓani a kan ƙabalu da sadalu, da mauludi, da ganin wata, in muka yarda yau hukuma ta zaɓi fahimtar malamanmu ta ɗora wa wasu, mu shirya wa ranar da wasu za su ci zaɓe su ɗora mana tasu.

Sa'an nan akwai iyakar da ƙarfi ba ya ƙetarewa, ko na wane ne. Ana iya rufe gidajen abinci da rana a watan azumi, amma babu dogarin da zai bi mutum cikin ɗakinsa ya ga ya kurɓi ruwa, babu kuma alƙalin da ya taɓa yanke hukunci a kan niyya. Shi ya sa magabata suka hana bin diddigin asirin mutane, suka tsaurara sharuɗɗan shaida, suka ce a tunkuɗe haddi da shubuha. Da irin waɗannan ƙa'idoji ne kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a a Sakkwato a 2002 da Katsina a 2003 suka sallami wasu mata biyu da aka yanke wa hukuncin jifa. Duk ibadar da tsoron hukuma ya haifa, sunanta riya, kuma garin da riya ta yi yawa a cikinsa munafukai ne ke samun shiga fada.

To, ina rabon sarki? A shekarar yunwa, ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu. A cikin Muwaɗɗa ɗin nan dai an kawo labarin bayin Haɗibu da suka saci taguwar wani Bamuzaine suka yanka, Umar ya fara ba da umarnin haddi, sai ya lura ubangidansu yana barinsu da yunwa, ya juya kansa, ya tambayi kuɗin taguwar aka ce dirhami 400, ya sa shi ya biya 800. A nan ƙasar, hannun farko da aka yanke a watan Maris na 2000 na ɓarawon saniya ne, kuma har yau kunnuwanmu na jiran labarin wani mai babbar riga da ya haɗiye kuɗin asibiti ko na fanshon tsofaffi aka tsayar da shi gaban alƙalin shari'a. Masu neman mulki da rigar shari'a za su ce, ai wannan ha'inci ne ba sata ba, babu haddi a kansa. Madalla da wannan zurfin ilimi, wanda ba ya tashi sai an zo kan manya! Mun ji babu haddi, ina ta'aziri? Ina sunnar Umar ta ƙididdige dukiyar gwamna, in ta yi kumburin da ba a gane ba a raba ta biyu a mai da rabi baitulmali?

Kai, a bar ma baitulmali, a zo kan mudu. Ku shiga kasuwar hatsi ranar da take ci, ku ɗaga mudun mai awo ku dubi gindinsa, za ku tarar an bubbuge shi ya lotsa ciki. Wani ma biyu gare shi, mai zurfi na saye daga hannun baƙauye, marar zurfi na sayar wa matar da ta ƙullo kuɗinta a bakin zane. Tauye awo yana cikin laifuffukan da suka jawo halakar mutanen Madyana, sura guda aka saukar da sunan masu yinsa, kuma duba ma'auni na cikin manyan ayyukan muhtasibi a littattafan magabata. Amma da yake gyaran mudu ba ya tara 'yan kallo, ba a ɗaukar hotonsa, ba ya kawo ƙuri'a, sai aka bar gero da masara a hannun wanda ya fi wayo. Gidaje nawa ne ke kwana da ragowar yunwa kowane dare saboda wannan lotsawar?

Wannan ciwo tsoho ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga waɗansu abokan jihadi sun karkata ga neman sarauta da dawaki da tufafin alfarma, ya bar rundunar ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkami domin ya nuna wa masu mulki abin da ke wuyansu. Da masu mulki ya fara, domin ya san in kai ya karkace, jiki ba ya miƙewa.

Saboda haka muna kira ga malamanmu, Allah Ya gafarta musu, su daina ara wa masu neman mulki da rigar shari'a mumbarinsu. Su karantar, su yi wa'azi, su gyara zukata da hujja, domin wannan shi ne gadonsu. Ku kuma talakawa, duk wanda ya zo muku da alkawarin shari'a, kafin ku yi masa kabbara ku tambaye shi abin da ya mallaka, da inda ya samo shi, da kuma ko ya yarda alƙali ya kira shi ya zo ya durƙusa kamar kowa. In ya amsa, ku bi shi. In ya hau kame-kame, ku riƙe ƙuri'arku.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronSa a ɓoye da sarari.