Ra'ayinmu: Kafin taki da injin ban-ruwa, a nema wa manomin dankali iri mai lafiya

Duk shekara idan sanyin hunturu ya kama, manoman rani a kudancin Katsina kan sami damar noma dankalin Turawa, wanda ba ya jure zafi. A shuka a watan Nuwamba, a tone cikin wata uku. Ga manomin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, wanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsa na nesa shekara da shekaru, amfanin da zai kawo kuɗi da wuri a ɗan fili kusa da gari ba abin wasa ba ne. Sai dai akwai matsalar da ke cinye ribar tun kafin a sa fartanya a ƙasa, wato irin da ake shukawa.

Dankali ba kamar masara ba ne. 'Ya'yan da aka tono su ne iri, don haka duk cutar da ke jikin uwa tana bin ɗa. Ƙwarin darɓa na ɗaukar ƙwayoyin cutar bairos daga wannan shuka zuwa waccan, ganye ya naɗe ko ya yi dabbare-dabbare, 'ya'ya su ƙanƙance. Manomi kuma yakan sayar da manya ya ajiye ƙanana a matsayin iri, alhali sau da yawa ƙananan daga shuka mai cuta suka fito. Haka amfanin ke raguwa shekara bayan shekara, kuma babu feshin da ke warkar da shukar da bairos ya riga ya shiga. Wannan na cikin dalilan da suka sa matsakaicin abin da ake samu a hekta ɗaya a Najeriya bai kai tan 5 ba, alhali iri mai kyau da kulawa kan ba da tan 20 ko fiye.

Maganin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1950 wasu masana biyu a Faransa, Morel da Martin, suka nuna cewa ƙwayar cutar ba kasafai take kaiwa can ƙarshen tohon shuka ba. A ɗakin gwaji ana yanko wannan ɗan kan toho, wanda bai kai rabin milimita ba, a rene shi a cikin kwalba mai abincin tsiro. Idan ya girma a gwada shi, in an tabbatar ba shi da cuta a yayyanka shi a sake renawa, har tsiro ɗaya ya zama dubbai. Daga nan a dasa su a rumfar raga da ke hana ƙwari shiga, su yi ƙananan 'ya'ya, a riɓanya su a gona sau biyu ko uku kafin su isa hannun manomi. Ba a taɓa halittar dankalin ba. Cutar kawai aka raba shi da ita.

Najeriya na da inda ake wannan aiki. Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa da ke Umudike tana da reshen dankali a Kuru, kusa da Jos, kuma Jihar Filato ta gina ɗakin renon tsiro a Mangu da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Afirka. A 2023 an fitar da sababbin ire-ire huɗu: Unica, Juriya, Babban da Kyau. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta kawo wannan iri daga Filato zuwa fadamun Katsina da shaidar ingancinsa. A yanzu manomi na sayen buhu ne a kasuwa, ya yi ta fatan alheri, domin ido ba ya gane dankali mai bairos.

A ra'ayinmu, bai kamata Gwamnatin Katsina ta yi gaggawar gina nata ɗakin gwajin ba. Irin wannan ɗaki na buƙatar wutar lantarki dare da rana da ƙwararrun ma'aikata, kuma zafin bazara a Katsina na wahalar da ajiyar iri daga Maris zuwa Nuwamba. Abin da ya fi sauƙi shi ne hukumar KTARDA ta ƙulla yarjejeniya da masu riɓanya iri a Filato, waɗanda Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ta tantance, su noma da damina, a kawo kafin lokacin shuka. Hekta ɗaya na cin kusan tan 2 na iri, nauyin da ƙaramin manomi ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba, don haka a sayar ta hannun ƙungiyoyin manoma a kan farashi mai rangwame.

Sannan a buɗe gonakin gwaji a wuraren da ke da ruwa, kamar kewayen madatsar Mairuwa, a shuka irin kasuwa a gefe guda, iri mai shaida a ɗaya gefen. Gani ya kori ji. Malaman gona kuma su faɗa wa manoma gaskiya: iri mai lafiya na iya sake kamuwa a gona, don haka sai an tuge shukar da ta nuna alama, an kuma sabunta iri bayan 'yan shekaru. Ba ya kuma hana cutar ƙunar ganye, wadda ta yi wa manoman Filato ɓarna a 2022.

Duk wannan ba zai yi amfani ba sai manomi ya iya kwana a garinsa ya je gona lafiya, kuma wannan nauyi yana wuyan hukumomi. Amma wanda ya yi kasadar komawa gona bai kamata ya sa kuɗin mai da na taki a kan iri marar lafiya ba. Muna kira ga Gwamna Dikko Umaru Radda da ya sa batun irin dankali cikin shirin noman rani mai zuwa, a kuma fara ciniki tun da damina, domin idan aka bari sai hunturu ya shigo an makara.