Daktocin Facebook sun cika gari, ina masu binciken gaskiya suka shiga?

A shekarar 2025 hukumar da ke kula da manyan makarantu a Ghana, GTEC, ta tayar da ƙura. Ta gargaɗi masu digirin girmamawa su daina liƙa "Dakta" a gaban sunansu, ta kuma rubuta wa wasu 'yan siyasa da fitattun mutane takarda cewa su kawo shaidar karatun da ya ba su "Dakta" ko "Farfesa", in babu su ajiye. An yi ta dariya a Facebook, an yi ta musu a gidajen rediyo. Ni ma na yi dariyar, amma daga baya sai tambaya ta tsaya mini a rai: to, in an tsige wa na bogi laƙabinsu, wa zai yi wa jama'a bayani a madadinsu? Mu da muka yi karatun, ina muke?

Ina koyarwa, ina kuma bincike kan harkar noma a nan Tamale. Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne a 2024, bayan da cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala ta ƙaddamar da irin waken nan Songotra-T, wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Hukumar da ke sa ido kan irin wannan fasaha ta amince da shi tun 2022, kuma Najeriya ta riga mu, don cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da nata, SAMPEA 20-T, a 2019. Wata rana na je gaida gwaggona da ke sayar da hatsi a kasuwar Aboabo, sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, saurari wannan." Saƙon murya ne a WhatsApp, da Hausa tsantsa. Mai maganar ya kira kansa dakta, ya rantse cewa waken yana hana haihuwa, wai da gangan aka kawo shi arewa. Bai ambaci bincike ko ɗaya ba, bai faɗi inda yake aiki ba. Amma murya gare shi mai daɗi, ya fara da bisimilla ya rufe da salati, kuma saƙon ya riga ya zaga rumfuna.

Na zauna na yi mata bayani iya sanina: mece ce tsutsar, sau nawa manomi kan yi feshin magani a damina saboda ita, me aka saka a cikin irin. Na kuma gaya mata cewa akwai tambayoyi na gaskiya da ya kamata a yi, kamar wa zai riƙa sayar da irin, nawa ne kuɗinsa, me zai faru da irin gargajiya da manoma ke ajiyewa. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To ai kai ba ka taɓa turo mana naka ba." Wallahi ban sami amsa ba.

Gaskiyarta ne. An kafa jami'ar UDS a 1992 da niyyar ta kusanci talakan arewa, shi ya sa ma ake tura ɗalibanta su zauna a ƙauyuka a zangon karatu na uku. Amma abin da yawancinmu masu bincike muke rubutawa, a ko'ina muke aiki, da Turanci mai nauyi yake, a mujallun da wasunsu sai an biya dala kafin a buɗe. Muna da shafi a Google Scholar, muna da lambar ORCID, muna loda takardu a ResearchGate. Duk wannan yana da amfani, ta nan ne abokin aiki daga Jamus ko Kanada zai same ka ya nemi ku yi aiki tare. Sai dai gwaggona ba ta shiga can. Duniyarta WhatsApp ce da rediyo, jikokinta kuma TikTok.

Me ya sa muke ɗari-ɗari? Na farko, tsarin ƙarin girma. Malami yana hawa daga mataki zuwa mataki ne da yawan maƙalolin da ya buga a mujallun da masana suka tantance. Saƙon murya na minti uku da zai wayar da kan manoma ɗari ba ya ƙara masa maki a fili, don haka mutum kan ga ɓata lokaci ne. Na biyu, siyasa. A garin nan ka ce taki ya yi tsada, a ce kai ɗan NPP ne ko ɗan NDC, ya danganta da wanda ke kan mulki. Na uku, doka. An soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna tun 2001, amma sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960 da sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008 suna nan, suna hukunta yaɗa labarin ƙarya, kuma an sha kama 'yan jarida da su. Mai hankali kan ji tsoro kada sakamakon bincikensa ya taka wani babba. Na huɗu kuwa ya shafe mu 'yan zango kai tsaye: da yawa cikinmu muna jin Hausa a baki amma ba mu saba bayanin ilimi da ita ba, har wani yana jin kunyar a ji shi yana yi.

Wannan kunyar baƙuwa ce a gidanmu. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, babban malami ne, amma bai kulle iliminsa a zaure ba. Ya yi rubutu da Larabci da Hausar ajami kan zuwan Turawa da kan annobar murar da ta biyo bayan yaƙin duniya na farko, a waƙe, don a haddace a yaɗa. Rubuce-rubucensa na cikin waɗanda aka tattara a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon a shekarun 1960. A nan Tamale ma Afa Ajura ya isar da karatunsa ga jama'a da Dagbani. Sun yi amfani da kafar zamaninsu. Tamu kafar tana cikin aljihu, mun bar wa wasu ita.

Kuma ana iya yi. Matasan garin nan sun dage har Wikipedia ta Dagbani ta tsaya da ƙafarta a 2021. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana baje bincikensa kan al'adun Hausawa a Facebook, bai rage masa daraja ba. A Ghana, Farfesa Stephen Kwaku Asare, wanda aka fi sani da Kwaku Azar, yana koyarwa a Amurka amma rubutunsa na Facebook kan shari'a da mulki yana tayar da muhawara a Ankara.

Sai dai kada a faɗa da ka. Kafofin nan ba namu ba ne. Twitter ta sanar da buɗe ofishinta na Afirka a Ghana a 2021, ana ta murna, a ƙarshen 2022 sabon mai kamfanin ya sallami kusan duka ma'aikatan. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, muka yi kwanaki muna lalube. Wanda ya zuba dukan aikinsa a shafi ɗaya, ranar da aka rufe shafin ya tashi a tutar babu. Asalin aiki ya zauna a ma'ajiyar jami'a, kafar sada zumunta ta zama ƙofar da ke kaiwa can. Sannan akwai amana. Matar da ta yarda ka yi hira da ita kan bashin da ke kanta ba ta yarda ka saka hotonta a Facebook ba, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012 tana bayanta. Haɗari na ƙarshe shi ne daɗin yabo: yau ka yi magana kan wake an tafa maka, gobe sai ka tsinci kanka kana ba da fatawa kan ciwon ƙoda. Daga nan ka zama irin daktan da GTEC ke nema, ko da takardarka ta gaskiya ce.

Abin da nake gani mafita mai sauƙi ne. Duk wanda ya buga bincike, ya yi masa taƙaitaccen bayani na minti biyu ko uku da Hausa ko Dagbani, ya faɗi cikakken sunansa da inda yake aiki da iyakar abin da binciken ya gano, ya tura wa limamai, shugabannin 'yan kasuwa da masu shirye-shiryen rediyo. Jami'o'i da ƙungiyar malamai ta UTAG su sa wannan aiki a ma'aunin ƙarin girma da maki bayyananne. Mu masu sauraro kuma mu koyi tambaya kafin mu tura saƙo gaba: wane ne wannan, a ina yake aiki, ina hujjarsa?

Na fara da kaina. Na yi saƙona na farko kan adana wake bayan girbi, na tura wa gwaggo. Ta kira ni ta ce ta ji, amma na cika sauri kuma Turanci ya yi yawa, in sake. Ina kan sakewa. Allah Ya sa mu amfanar da abin da muka sani.