Ɓawon Ƙwai da Faɗin Kalmar "Magani"

Kowace safiya masu shayin Yamai, daga Harobanda har bakin Babbar Kasuwa, suna fasa ƙwai su watsar da ɓawon. Yanzu ɓawon nan ya sami maroƙa a saƙonnin murya na WhatsApp: wai maganin ciwon ƙashi ne, maganin gyambon ciki, maganin dafewar haƙori, har maganin ƙasar lambun da ta gaji.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya kama a nan shi ne kalmar da ake ta maimaitawa. "Magani" a Hausa faɗi gare ta. Da ita ake cewa maganin sauro, maganin ƙishirwa, maganin ɓarawo, da ita kuma likita yake rubuta takarda. Mai saurare ba ya jin inda aka tsallaka daga dabarar gida zuwa sha'anin asibiti, domin kalmar ba ta sauya ba.

Akwai gaskiya a gindin zancen, shi ya sa yake karɓuwa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na ɓawon ƙwai sinadari ɗaya ne da farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, kuma ɓawo guda yana ɗauke da kalsiyom kimanin giram 2. Idan aka gasa shi aka daka ya yi laushi, kaji masu saka ƙwai suna amfana da shi ƙwarai. Mai lambu a Gamkale ko Saga yana iya zuba garinsa ya rage tsamin ƙasa, amma a hankali yake narkewa, kuma bai maye gurbin takin dabbobi ba. Wanda aka watsa gutsi-gutsi kuwa sai ya shekara yana nan fari fat.

Ga jikin mutum lissafin dabam ne. Ɗanyen ɓawo yana iya ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Garinsa yana kankare fatar haƙori, wadda ba ta sake tofowa. Mai gyambon ciki da ya dogara gare shi jinkirta ganin likita kawai ya yi. Abin takaici, a wasu gidaje har yau ana hana yaro ƙwan kansa, wai kada ya koyi sata, ga shi ana shirin ɗura masa ɓawon.

Daga cikin ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ake samun masu fassara saƙonnin lafiya a gidajen rediyo. Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabewa ba: akwai "ƙarin abincin kaji", akwai "gyaran ƙasa", akwai "rigakafi", akwai "waraka". Ɓawon ƙwai ya cancanci biyun farko.